Abin da Na Faɗa a Ƙarshen Fim ɗin 'Yan Cizo

Sallama gare ku masu karatu, har da waɗanda suka shigo don kawai su ga yadda aka ƙare da ni. Ku zauna, akwai wuri.

Ga sababbin zuwa: sunana Halidu, shekarata arba'in da takwas, furfurata tana nan lafiya a ƙarƙashin baƙin da nake shafa mata duk Juma'a. Sana'ata fassarar fim, a wani ɗan shago da ke bayan tasha a Madawa. Matata ta farko ta tafi shekara shida da suka wuce. Da aka tambaye ta dalili, ta ce ko a cikin barci fassara nake yi. Wata takwas ke nan ina neman auren Habsa, wata bazawara 'yar Keita mai 'ya'ya mata biyu, kuma a fitowar da ta wuce na gaya muku yayanta Abdulkadir ya karɓi goron gaisuwata. Da yawanku kun yi mini barka. Ku riƙe barkarku tukuna.

Sai na gaya muku yadda nake aiki, don a nan rigimar take. Ba na kallon fim kafin in fassara shi. Ban taɓa yi ba. Ina kunna shi, in sa abin ji a kunne, in matso da makirufo, abin da idona ya gani bakina ya faɗa. In akwai rubutun Faransanci a ƙasa in tsinci abin da na tsinta, in babu in ƙirƙira. Mutane suna son muryata ne saboda idan jarumi ya tsorata, ni ma a lokacin nake tsorata. Sannan 'yan wasan nan masu sunaye kamar tari, ni nake raɗa musu namu, don tsohuwar da ke kallo a Sabon Gida ta san wa take bi. Kuma ba na barin shiru. Mai kallonmu in ya ji shiru, cewa yake waya ta lalace.

To, wani fim ya shigo hannuna, na gawarwaki masu tashi suna bin mutane suna cizo, wanda aka ciza shi ma ya koma irinsu. Na sa musu suna 'yan cizo. A minti na goma aka nuno wata mata siririya, ba ta da yawan magana, ta goya yarinya ta ɗauki gatari. Na dube ta, zuciyata ta yi wani sanyi irin na tsoho mai soyayya, na ce cikin makirufo: "Ga Habsa nan, jama'a."

Har na ɗauki waya na tura mata saƙo: "Na sa sunanki cikin sabon aiki. Jaruma ta, kamar ke."

Ta amsa: "Allah shi sa alheri." Da ɗan fure ɗaya. Na yini ina duban furen nan.

Awa biyu Habsar fim tana sare kawuna, ni ina yi mata kirari. Sai ga ƙarshe. Tana cikin wani gida da 'ya'yanta, ƙofar ƙarfe a rufe. Mijinta ya dawo da gudu daga waje, jini a damtsensa. Ba a nuna ko cizo ne ko wayar shinge ce ta yanke shi ba. Yana buga ƙofa yana kiranta, 'yan cizo na tafe a bayansa. Ta ɗora hannu a kan sakata. Sai allo ya yi baƙi.

Na jira. Baƙi. Ba kiɗa, ba kuka, ba komai. Na ƙirga daga baya, daƙiƙa goma sha ɗaya ne kafin sunayen masu fim su fara hawa. A lokacin ji na yi kamar shekara. Bakina ya buɗe da kansa, kamar yadda ya saba shekara goma sha tara, ya ce:

"To jama'a, Habsa ta riƙe sakata. Miji na kira, ita tana tunani. In ta bash shi waje, Allah shi isam mai. Mace dai ba ta da tabbas."

Na yi dariya ni kaɗai, na ji na ƙulle fim da kyau. Na kwafa a karti, ɗan katin nan na sawa a waya, na ba direbobin Buza da na Keita, sauran kuma ya bi daga waya zuwa waya.

Kwana ɗaya tak, gurup ɗin masu kallona na Wasaf ya kama da wuta. Mutum ɗari biyu da wani abu ne a ciki, kuma ban san suna da baki haka ba.

Anas mai gyaran moto ne ya fara: "Halidu ina kashi na biyu? Kak ka raina muna hankali. Fim bai ƙarewa da mutum tsaye bakin ƙohwa."

Na ce wallahi nan ya ƙare.

"Ƙarya ta. Ka ɓoye na."

Wani daga Buza ya ce: "Ta buɗe mana. Ku ƙara sauti, akwai ƙarar sakata cikin duhun."

Aka ba shi amsa: "Ba sakata ba ta, kujerar Halidu ta. Kullum haka taka kuka."

Wata Balkisu ta turo bokal, saƙon murya na minti huɗu, tana daka tana magana. Taƙaicensa: "Shi mijin mi yak kai shi waje? An ce kowa shi zamna, yac ce sai ya ɗauko mota. In ni ta, hat taga sai na toshe."

Maza suka taso mata. Ɗaya ya ce irinsu ne ke zuba wa miji ido yana nutsewa. Ta ce ya turo lambar matarsa a tambaye ta. Ya fita daga gurup.

Wani malami ya rubuta: "Gawa ba ta tashi sai ranar tsayuwa. Ku ji tsoron Allah, kun ɓata awa biyu kan ƙarya."

"Malam, ashe kai ma ka kai ƙarshe."

Wasu suka ce fim ɗin banza ne, wanda ya yi shi kuɗinsa ne suka ƙare. Wasu suka ce ni ne ban iya Faransanci ba, amsar na cikin rubutun da na tsallake. Wani ya ce damtsen hagu ne aka nuna da jini, alhali cizon a dama ya kamata, don haka mijin lafiyarsa lau kuma matar ta kashe shi a banza. Ina karantawa ina murmushi, don a sana'ata zagi ma kasuwa ne.

Abin da ban lura da shi ba sai kwana na biyu: ba mutumin Keita ko ɗaya da ya ce uffan. Su da suka fi kowa gardama. Yasin, wanda ke raba mini karti a can, ya fice daga gurup ba sallama. Na tura wa Habsa: "Kin gani? Ya kinka ga jarumata?" Alama biyu shuɗɗa. Ba amsa. Na ƙara, ina ɗora wa sabis ɗin waya laifi: "Ko rezo na?" Shuɗɗa. Da azahar hoton da ke kan lambarta, na ledojin dashen itatuwanta, ya ɓace.

Sai bokal daga lambar da ban sani ba, daƙiƙa tara, muryar namiji a kwance, ba ihu: "Halidu mai fim. Mun jiya. In kai ɗan halas na, ka tako Keita."

Ina zaune ina juya wayar, sai ga Yaya Tabawa. Ita ce babbar ɗakinmu, ita ta riƙe ni bayan rasuwar innarmu, kuma ita ce ta shekara shida tana ce mini tsohon gwauro a gaban kowa har na fara neman aure. Ta shigo da mayafinta mai ruwan toka a karkace, takalmi ƙafa ɗaya ya tsinke tana jan sa. Ba ta yi sallama ba. Ta zare wayar kuran, wato lantarki, daga bango, komai ya mutu.

"Yaya, aiki nika yi."

"Aikin uwaka."

"Uwammu ɗaya hwa."

"Shi ya sa nika kuka. Halidu, mi Habsa tay yi maka?"

"Mi ya hwaru?"

"Wurin suna niz zo. Wata 'yar Keita ta kunna mini muryarka gaban mata talatin. Ni da nis sa sabon zane." Ta zauna a kan bencin masu jira, ta dube ni kamar yadda ake duban akuyar da ta ci sabulu. "Kai ba ka san yadda Mahaman ya mutu ba?"

Mahaman shi ne mijin Habsa na fari. Na ce ta ce mini ya yi jinya 'yan kwanaki.

"Kat tambaye ta wace jinya?"

Na yi shiru. Wannan ma abin tarihi ne.

"Mahaukacin kare yac cije shi a gona. Bai tahi likita ba, yac ce ɗan kurji na. Da ciwon yat tashi, an makara. Anka kulle shi ɗaki kwana ukku yana hauka hay yac cika. Makullin hannun Habsa anka ba. Duk ƙasar Adar kai ɗai ba ka sani ba."

"Ke mi ya hana ki hwaɗa mini?"

"Na zaci mutum na. Wa ka zuwa zance wata takwas bai san yadda mijin mace ya mutu ba? Mi kuka cewa in ka tahi?"

Gaskiyar ita ce, ni nake cewa. Ina ba ta labarin finafinai, ina kwaikwayon muryoyi, tana murmushi tana cika ledojin dashenta da ƙasa. Ni a zatona hira muke yi.

Washegari da hantsi na kama hanya a kan motona mai ƙafa biyu. Na sa shaddata mai ruwan ƙasa, na fasa, na ga ta yi kama da ta mai zuwa biki. Na sa farar, na ga ta yi kama da ta mai zuwa ta'aziyya. Na bar farar. Ban shafa turare ba. Baƙin gemu kuwa ya fara sakewa, na ƙyale shi, na ce ko furfura za ta roƙa mini arziki.

A Buza na tsaya shan mai. Mai sayarwa, wani dattijo da kwalabe jere a kan tebur, yana jin na ce "lita biyu" ya ɗago kai.

"Kai na mai fim?"

"A'a."

"Kai na. To tsakaninka da Allah, ta buɗe ko ba ta buɗe ba?"

"Ban sani ba, Baba."

"Kuma kas sayas da abin da ba ka sani ba." Ya zuba mini mai yana tsaki har kwalba ta ƙare.

Na isa Keita rana ta take. Abdulkadir na zaune a zauren gidansu, magini ne, hannuwansa kamar duwatsun da yake jerawa. A gefensa ga huhun gorona, ɗaure yadda na aiko shi, ganyen ma ba a taɓa ba. Na yi sallama. Ya amsa rabinta. Bai nuna mini tabarma ba, na tsuguna a kan ƙafafuna, gwiwoyina suna tuna mini shekaruna.

"Yaya, na zo in..."

"Ni ba yayanka ba na. Ka girme ni da shekara biyar."

Ya ciro waya, ya nemo wurin ba tare da ya sha wahala ba, alamar ya nemo shi sau da yawa. Muryata ta cika zauren. Ban taɓa sanin ina da murya mai ban haushi haka ba. Har 'yar dariyar da na yi a ƙarshe ta fito.

"Wallahi ban sani ba," na ce. "Sunan, don yabo nis sa shi. Ban kallon fim kahin in hwasara, kowa ya sani."

"Wa ya sani? Masu shayi na nan sun ce da gangan kay yi, don ka ga an karɓi goronka ka hwara nuna hali. Dangin Mahaman sun turo ma junansu. Uwatai ta ce Allah ya kawo wanda yah hwaɗi gaskiya. Shekara huɗu muna binne maganag ga, kai ka tone ta da dariya." Ya mayar da wayar aljihu. "Jiya Rufaida ta dawo daga makarantar allo ba ta ci abinci ba. Yara na ce mata ɗiyar mai sakata. Shekararta tara."

Na yi saurin cewa:

"Zan goge shi. Zan yi sabo."

"Ka goge daga wayoyin Adar duka? Ka tashi. Ran Alhamis nika aiko maka da goronka, don kada a ce mun yi rowar mota."

Daga cikin gida murya ta ce: "Yaya, bash shi shi shigo."

"Habsa."

"Bash shi. Kana jin mu daga nan."

Tana tsakar gida a ƙarƙashin rumfar kara, zaune a kan turmin da aka kife, ga ledoji baƙaƙe jere a gabanta sahu-sahu, wasu da tsiron gawo, wasu ƙasa kawai. Zanen atamfa ne a jikinta wanda ya sha wanki, da ɗankwali shuɗi, ba hijabin da take sawa in na zo zance. Ba kwalli. Ba ta kawo mini ruwa ba. Ta nuna mini wani dutse da haɓa, na zauna.

"Habsa, don girman Allah..."

"Kai ka yi magana wata takwas. Yau tawa ta."

Ta ɗauki leda, ta cika, ta buga gindinta a ƙasa sau biyu, ta ajiye. Hannunta bai tsaya ba har ta gama.

"Ɗakin na nan gidansu, na ƙuryar yamma. Likita yac ce a kai shi gida, ba sauran magani, a tsare shi kada shi ji ma wani. Maza shidda sunka sa shi ciki. Da anka kulle, ba wanda ya so makullin. Ƙanensa yac ce zuciyatai ba ta ɗauka. Uwatai tac ce ita ba ta kulle ɗanta. Sai anka aje shi cikin tahin hannuna, anka ce ke ta matatai."

Ta ɗauki wata leda.

"Ba kullum shika hauka ba. Wannan na abin da mutane ba su sani ba. Hankalinai na dawowa. Sai shi matso jikin ƙohwa shi ce, Habsa, ni na hwa. Na warke. Ƙishirwa nika ji. In na tura mai ruwa ta ƙasa, shi gane su shi yi ta ihu yana dukan bango da kai. In ya lahwa shi ce, Habsa, buɗe in ga Rufaida sau ɗaya. Yana kirana da sunan da ba wanda ya san shi sai mu biyu. Salima na goye bayana, Rufaida na riƙe da zanena. Kwana ukku."

Akuya ta zo za ta ci tsiro, ta kore ta da bayan hannu ba tare da ta duba ba.

"Ban buɗe ba."

Na ji Abdulkadir ya gyara zama a zaure.

"Na kalli fim ɗinka har ƙarshe," ta ce. "Wanda yay yi shi ya hi ka hankali. Ya kai wurin yay yi shiru, don ya san ba a cewa komi wurin. Kai na kaz zo ka cika."

"Na yi kuskure. Ki gahwarce ni."

"Wannan mai sauƙi na. Na yahe. Na san ba ka sani ba, kai ba ka da wayon mugunta." Wannan ita ce magana mafi daɗi da aka faɗa mini a makon, ku auna sauran. "Amma abin da kac ce, daga cikinka yah hito. Ba ka shirya shi ba, shi ya sa nis san naka na."

Ta kakkaɓe hannuwanta, ta dube ni sosai karo na farko tun shigowata.

"To ka jiya da kyau, Halidu. Ban yi nadama ba. Ina kuka, amma ban yi nadama ba. Da za a maido da ranar, ba ni buɗewa. Kuma in gobe kai na cikin ɗakin, kana kirana da wagga muryar taka da duk Adar ta sani, ɗiyana na bayana, ba ni buɗe maka. Ba ni son ka aure ni kana zaton wata mata ta daban. Ita ta wagga."

Bakina ya buɗe. Na rantse muku amsa mai kyau ce ke tafe, har da ƙafiya a ciki.

"A'a," ta ce. "Bakinka ya hi hankalinka sauri, mun gani. Ka tahi gida. Ran Alhamis Yaya na sa goronka mota da hantsi. In kana so, ka zo kahin motar ta tashi, ka tsaya gaban masu shayi da dangin Mahaman ka hwaɗi da bakinka cewa ka san abin da niy yi kuma ka yarda da shi. In ba ka iyawa, ka jira goronka a tasha. Ba ni jin haushinka."

Ta ja wata leda. An sallame ni ke nan.

Zan so in ce muku na fito zuciyata a tsaye. Masu karatu, kun san ba na yi muku ƙarya sai a fim. Duk hanyar dawowa, a kan duwatsun nan masu kwance wa mutum haƙora, abu ɗaya nake gani: ni a cikin ɗaki, ina buga ƙofa, ina kawo duk muryoyin da na iya, ta tsoho, ta yaro, ta jarumi mai kuka, ita kuma tana waje ta san dukansu. Na san gaskiyarta ce. Da 'ya'yana ne a bayanta, roƙonta zan yi kada ta buɗe. Amma akwai wani Halidu ƙarami a cikina, mai son a ce saboda shi an yi wauta ko sau ɗaya, kuma shekara arba'in da takwas ban taɓa jin muryarsa ƙarara kamar jiya ba.

Gab da Madawa, wajen gonakin albasa, wani ramammen kare ya fito daga cikin kunya ya tsaya a bakin hanya. Ko kallona bai yi ba. Ni kuwa na ɗage ƙafafuna biyu har kan tankin moto, farar shadda tana kaɗawa, na wuce shi kamar amarya a kan jaki.

Yaya Tabawa ta riga ta kama mini wuri a motar Keita ta asubar Alhamis, kujerar gaba, ba ta tambaye ni ba. Yau Talata.